Gwajin Jinin Hapis Da Matan Da Ke Cikin Haɗarin Ƙanjamau: Ina Amfaninsa, Ina Kuma Iyakarsa?

 

Tun daga watan Mayun 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, maganar takardar asibiti ta sake tashi a zaurukan ɗaurin aure na Arewa. Dokar ta Kano ta ambaci ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da gwajin jinin da ke nuna yiwuwar haihuwar mai sikila. Mu a Jigawa wannan ba baƙon abu ba ne, domin mun daɗe da sabawa da liman ya nemi takardar gwajin ƙanjamau kafin a yi siga. Sabon abin da nake ji a bakin wasu iyaye da wasu ɗalibai masu karance-karance a waya shi ne: tun da an buɗe ƙofa, me zai hana a ƙara gwajin hapis a cikin jerin, musamman ga zawarawa? Niyyar masu wannan magana kyakkyawa ce. Sai dai ra'ayina shi ne, wannan gwaji yana da gurbi na gaskiya a ɗakin likita, amma ranar da aka fito da shi zaure aka ɗora a kan tabarmar ɗaurin aure, ɓarnarsa za ta rinjayi gyaransa.

Bari mu fara da sanin cutar, domin hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. A Hausa kusan duk abin da ya taɓa al'aura, ƙaiƙayi ne ko ƙuraje ko fitar ruwa, sunansa ɗaya: sanyi. Likitoci kuwa sun rarrabe. Hapis ƙwayar cuta ce mai nau'i biyu. Nau'in farko, wanda suke rubutawa HSV-1, shi ne mai fito da ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓi, kuma yawancin mutane tun suna yara suke ɗaukarsa a cikin gida. Nau'i na biyu, HSV-2, shi ne wanda galibi ake ɗauka ta hanyar saduwa, yana fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi a al'aura, su fashe su zama gyambo, su warke, bayan wani lokaci su dawo. Idan ta shiga jiki sai ta laɓe a cikin jijiyoyi har ƙarshen rayuwa. Akwai magungunan da ke rage zafinta da yawan dawowarta, irin su asaikulobiya, amma har yau babu mai fitar da ita daga jiki, babu kuma allurar rigakafinta. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba su san suna da ita ba, ko dai don ba su taɓa ganin alama ba, ko don alamar ta yi sauƙi har sun ɗauka zafi ne ya fito musu.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disambar 2024 sun ƙiyasta cewa mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da nau'i na biyu, wato kusan kashi 13 cikin 100 na mutanen wannan zango. Afirka ce kan gaba. Ƙiyasin 2016 ya nuna kusan kashi 44 cikin 100 na matan Afirka a wannan zango, da kusan kashi 25 cikin 100 na maza. Wannan rata ba ta nufin mata sun fi maza saɓo. Halittar jiki ce ta sa cutar ta fi saurin tsallakawa daga namiji zuwa mace fiye da daga mace zuwa namiji.

Me ya haɗa wannan cuta da ƙanjamau? Mai ɗauke da hapis na biyu, idan ya haɗu da ƙwayar ƙanjamau, yiwuwar ta kama shi ta ninka kusan sau 3. Dalili biyu ne. Gyambon yana buɗe fata, wannan a fili yake. Na biyun ya fi ɓoyuwa: ko bayan gyambon ya warke, ƙwayoyin garkuwar jiki suna ci gaba da taruwa a wurin suna gadi, kuma su ne ainihin waɗanda ƙwayar ƙanjamau take nema ta shiga. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa daga cikin mutum miliyan 1.4 da suka kamu da ƙanjamau ta hanyar saduwa a 2016, kusan 420,000 hapis na biyu ne ya share wa cutar hanya gare su. Saboda haka duk mai cewa wannan ƙuraje ne kawai, bai duba lissafin ba.

Wani zai ce ai mu ƙanjamau ya yi mana sauƙi. Gaskiya ne, kuma ni'ima ce da ta cancanci godiya. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 a Najeriya baki ɗaya, Jigawa kuma tana cikin mafi ƙaranci da kashi 0.3. Amma wannan binciken dai ya nuna mata sun ninka maza, kashi 1.9 a kan 0.9. Sannan matsakaicin jiha yana ɓoye wuraren da abin ya fi taruwa. Wanda ya san kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da yadda fatake da direbobin manyan motoci ke kwana suna jiran lodin dabbobi zuwa Kudu, da yadda samarin Gagarawa da Sule Tankarkar ke tafiya ci-rani bayan an kawar da amfanin gona su yi wata huɗu ko biyar ba su ga iyalinsu ba, ya san cewa hanyar da kuɗi ke shigowa ita ce hanyar da cuta ke bi. Ba na tuhumar matafiya a dunƙule, mafi yawansu masu tsoron Allah ne da ke neman halal. Abin da nake so a gane shi ne, idan littattafan likitoci suka ce matan da ke cikin haɗari, zukatanmu sukan tafi kai tsaye ga mata masu zaman kansu. Su ma suna ciki, kuma su ma bayin Allah ne da ke da haƙƙin magani da kiran tuba cikin hikima. Amma a ƙasarmu jerin ya fi haka faɗi. Akwai matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta. Akwai uwargidan da aka yi wa amarya ba tare da an gwada kowa ba. Akwai bazawarar da ta yi aure uku, kowanne da sadaki da shaidu, ba ta da masaniyar abin da ta kwaso a gidan farko.

Wannan bazawarar ita ce za ta fara shan wahala idan aka wajabta gwajin, kuma don a ga dalili dole a san abin da gwajin jinin yake gani. Ba ƙwayar cutar yake gani ba. Yana neman alamar da garkuwar jiki ta bari bayan ta yi karo da ita. Don haka ba zai faɗi yaushe aka kamu ba, bara ne ko shekara 15 da suka wuce. Ba zai faɗi daga wa aka ɗauka ba. Idan kamuwar sabuwa ce, yana iya nuna babu har tsawon mako 12. Idan kuma nau'in farko ya nuna, to wannan kusan ba labari ba ne, tun da mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 ke ɗauke da shi a duniya.

Sai babbar matsalar, wato kuskuren gwajin da kansa. Kwamitin ƙwararrun Amurka mai ba da shawara kan rigakafi ya yi lissafi a 2016 da gwajin da aka fi amfani da shi, mai suna HerpeSelect. Ya ce idan aka gwada mutum 10,000 a al'ummar da kashi 15 cikin 100 ke da cutar, za a sami kusan 1,485 da gwajin ya ce suna da ita kuma gaskiya ne, da kusan 1,445 da ya ce suna da ita alhali ƙalau suke. A taƙaice, cikin kowane mutum biyu da takarda ta ce suna da hapis, kusan ɗaya an yi masa ƙarya. Wannan ya sa kwamitin ya hana a riƙa gwada mutanen da ba su da alama, har da masu ciki, ya kuma jaddada hanin a 2023. A ƙarshen wannan shekarar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ita ma ta gargaɗi likitoci a kan irin wannan sakamako na kuskure. A jinin 'yan Afirka abin ya ma fi muni. Nazarin da ya tattara bincike-binciken ƙasashen kudu da Sahara a 2011 ya gano cewa wannan gwaji yana wanke kusan 69 ne kawai cikin kowane mutum 100 da ba su da cutar, yayin da wani mai suna Kalon yake wanke kusan 91. Ƙa'idar likitoci ita ce, sakamakon da ya fito da ƙaramin adadi sai an tabbatar da shi da gwaji na biyu na daban. To a gaya mini, wane waliyyi ne a ƙauye zai tsaya neman gwaji na biyu ana saura kwana uku biki, an riga an soya cincin? Abin da zai faru sananne ne. Za a fasa, labari zai zaga gari kafin la'asar, kuma sunan da za a kira yarinyar da shi ba zai goge ba ko da asibitin koyarwa na Aminu Kano ya wanke ta daga baya.

A nan Shari'a take da magana mai nauyi. Allah Ya tsananta a kan jifan kamammun mata da zina. A aya ta 4 ta Suratun Nur an yanke wa wanda ya yi haka bai kawo shaidu 4 ba bulala 80, an zubar da shaidarsa, an kira shi fasiƙi. A Suratul Hujurat an umarce mu da bin diddigin labari kafin mu cuci wasu cikin jahilci, an kuma hana mu yawan zato da binciken asirin juna. Zina ba ta tabbata sai da iƙirari ko shaidu huɗu, mazhabarmu ta Malikiyya ta ƙara da bayyanar ciki ga wadda ba ta da miji, shi ma da sharuɗɗa da shubuhohin da ke kawar da haddi. Cuta ba ta cikin waɗannan hujjoji. Takardar da ba ta san rana ba, ba ta san mutum ba, kuma tana kuskure a kusan rabin waɗanda ta nuna, ko ƙarina mai ƙarfi ba ta kai ba, balle hujja. Mijin da ya ga ƙuraje a jikin matarsa ya ce ta ci amanarsa, ya sani cewa mai yiwuwa shi ne ya ba ta, yana ɗauke da cutar tun kafin ya san ta, ba tare da ƙurji ko ɗaya ya taɓa fito masa ba.

Wani abin lura a gefe. Mutanenmu sukan ce a banɗaki ake ɗaukar sanyi. Game da hapis wannan ba daidai ba ne, ƙwayar ba ta daɗewa a wajen jiki, ba buta ko masai ke yaɗa ta ba. Amma na lura wannan kuskuren ya daɗe yana yi wa gidaje sutura, yana ba mace damar zuwa asibiti ba tare da an zarge ta ba. Idan za mu gyara fahimtar, kuma ya kamata mu gyara, to wajibi ne mu maye gurbinta da suturar da ta fi ta ƙarfi, wato sanin cewa ana ɗaukar wannan cuta a cikin aure na halal kamar yadda ake ɗaukarta a wajensa.

Shin hapis aibi ne da ke ba da zaɓin raba aure? Malaman Malikiyya, kamar yadda ɗalibai suka karanta a Risala da Muhtasar, sun ƙididdige aibobin da ke ba da zaɓi: hauka, kuturta, albaras, da cututtukan al'aura masu hana saduwa, da sharaɗin ba a san da aibin ba kafin ɗaurin aure kuma ba a yarda da shi ba bayan an sani. Ibnul Ƙayyim ya faɗaɗa, yana ganin duk aibin da ke kore natsuwa da ƙauna tsakanin ma'aurata ya shiga. A kan ƙanjamau, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Abu Dabi a 1995, ta ba mace damar neman rabuwa da mijin da ke ɗauke da shi. Hapis bai kai nan ba a ganina. Ba ya kashe babba mai lafiya, ba ya hana saduwa sai 'yan kwanakin da ya motsa, ba ya hana haihuwa. Amma wanda ya san tabbas yana da shi, likita ya tabbatar masa, bai halatta ya ɓoye wa wanda zai aura ba, domin ɓoyewar algus ce, kuma ƙa'idar hana cutarwa ta hau kansa. Faɗar kuwa tsakanin su biyu ce, ba ta dangi da 'yan rakiya ba. Allah ne Mafi sani.

Yana da kyau a tuna cewa ko a kan asalin wajabta gwaji malamai ba su haɗu ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 2003, ta ƙarfafa a wayar da kai a kan gwaji amma ba ta yarda a mayar da shi sharaɗin ɗaura aure ba. Saudiyya kuma ta wajabta gwajin sikila daga 2004, ta ƙara ƙanjamau da ciwon hanta a 2008, bisa hujjar cewa shugaba yana da ikon taƙaita halal don maslaha. Ina tare da masu wajabtawa a kan ƙanjamau da ciwon hanta da sikila, saboda gwajinsu abin dogaro ne, cutarwarsu babba ce, kuma akwai abin yi bayan an sani. Waɗannan sharuɗɗa uku su ne ma'auni, kuma gwajin jinin hapis ya faɗi a na farko.

Ya kuma yi rauni a na uku ta wata fuska da ta ba masana kansu mamaki. An yi zaton idan aka gano mata masu hapis aka ɗora su a kan magani kullum, ƙanjamau zai ragu. Aka gwada. A arewa maso yammacin Tanzaniya, an bi mata 821 masu aiki a mashaya da masaukan baƙi, aka wallafa sakamakon a 2008: maganin bai rage kamuwa da ƙanjamau ba. Wani babban gwajin na wannan shekarar ya zo da irin sakamakon. A 2010 aka sake dubawa a ma'aurata sama da 3,400 a ƙasashen Afirka, inda ɗaya ke da ƙanjamau da hapis. Gyambo ya ragu ƙwarai, amma yaɗuwar ƙanjamau ba ta ragu ba. Wato sanin cewa mace tana da hapis ba ya buɗe mata wani maganin da zai tsare ta daga ƙanjamau kai tsaye.

To ina amfanin gwajin? Amfaninsa na ƙararrawa ne. Matar da ke fama da ƙurajen da ke zuwa suna komawa, ko wadda aka tabbatar mijinta yana da cutar, ko mai ɗauke da ƙanjamau, ko wadda yanayin rayuwarta ya jefa ta cikin haɗari, likita yana iya ganin dacewar a gwada ta, a asirce, da gwaji mai inganci, tare da bayani kafin da bayan sakamako. Idan akwai gyambo a lokacin, ɗibar ruwansa a auna ya fi gwajin jini tabbas, shi ya sa zuwa asibiti tun ƙurjin yana ɗanye ya fi jira ya bushe. Sakamakon kuma ya zama dalilin yin abin da aka tabbatar yana aiki: gwajin ƙanjamau da na tunjere nan take, ita da mijin, da maimaitawa lokaci-lokaci. Idan mijin yana da ƙanjamau, riƙe maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a awo yana hana shi yaɗa ta ga iyalinsa. Akwai kuma maganin kariya da mai lafiya ke sha, ga allurar lenakapabiya ta sau biyu a shekara, wadda a gwajin 2024 a Afirka ta Kudu da Yuganda ba a sami ko mace ɗaya da ta kamu ba cikin waɗanda aka yi wa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da ita a watan Yulin 2025. Ban ga abin da zai hana matar aure da ke tsoron cutuwa ta nemi wannan kariya ba, neman magani ne. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, bai ɗauki hakan gudun ƙaddara ba.

Akwai hukunce-hukuncen cikin ɗaki da ya kamata a faɗa ba tare da kunya ta hana ba. Lokacin da ƙurajen suka motsa, a dakatar da saduwa har su warke sarai. Matar da ta ƙi shimfiɗa a wannan hali, ko jikinta ne ko na mijin, ba ta yi nushuzi ba. Amfani da kwaroron roba tsakanin ma'aurata da yardar juna yana bin hukuncin azalu, kuma yana rage haɗarin ko da bai kawar da shi duka ba. Mai mace fiye da ɗaya, idan aka sami cutar a ɗaki guda, nauyin kai sauran asibiti yana wuyansa, ba tare da ya tona asirin wadda aka fara ganowa ba, tun da shi ne gadar da ke tsakaninsu. Kaciyar da muke yi wa 'ya'yanmu maza tana taimakawa, binciken Rakai a Yuganda ya nuna tana rage kamuwa da hapis na biyu da kusan kashi 28 cikin 100, amma ragi ne kawai.

Wurin da hapis yake kisa shi ne jariri. Ba ya yawan faruwa, ƙiyasin duniya kusan haihuwa 10 ne cikin 100,000, amma idan ya faru yakan taɓa ƙwaƙwalwa ko ya tafi da rai. Haɗarin ya fi girma idan uwa ta kamu a karon farko a watannin ƙarshe na ciki, lokacin da jikinta bai gama haɗa garkuwar da za ta ba ɗan ba. A nan ma mijin ne abin lura: wanda ya dawo daga tafiya da ƙuraje, matarsa na da tsohon ciki, ya nisance ta har ta sauka. Mai cikin da ta san tana da tarihin ƙurajen ta faɗa wa ma'aikaciyar awo, domin akan ba da magani daga mako na 36, idan kuma naƙuda ta zo da gyambo a fili akan zaɓi fiɗa. Wannan bayani ba zai fito daga bakin mace ba sai ta amince cewa zai tsaya a ɗakin. Majalisar Fiƙihu ta yi zama a Burunai a 1993 ta tabbatar da cewa sirrin maras lafiya amana ce a wuyan ma'aikacin lafiya, dokar Najeriya ta 2014 kuma ta haramta nuna wariya ga masu ƙanjamau. A gari irin Gumel, inda mai ɗibar jini zai iya kasancewa maƙwabci ko suruki, ma'aikaci ɗaya mai sakin baki ya isa ya hana matan unguwa guda zuwa awo.

Ga 'yan'uwana limamai kuwa, takardar da doka ta ce a nema ita za a nema, a duba hatiminta, a mayar wa mai ita a ninke. Idan dangin ango suka zo da buƙatar a ƙara gwajin hapis ga amarya ita kaɗai, a tambaye su ko angon zai miƙa nasa hannun, sannan a tura su duka biyun wurin likita.